Ƙasar Wuri Tana Cin Uwar Kuɗinta

Kakata ta wajen uwa tana da wani ɗan gwangwani da take adana tarkacenta a ciki: allura, kwalli, tsakiya, da wuri guda goma sha wani abu. In muka dame ta da ƙiriniya sai ta zube mana su a tabarma mu yi ta ƙirgawa, tana gaya mana cewa da irinsu aka biya sadakin kakarta. Ban taɓa tambayar ta inda suka fito ba. Sai da na girma na san cewa wurin da kakanninmu suka yi ciniki da shi a Kasuwar Kurmi, mafi yawansa daga wasu ƙananan tsibirai yake zuwa a tsakiyar Tekun Indiya, kudu maso yamma da Indiya da Siri Lanka. Su ne Maldif, ƙasar nan da a yau ake ganin hotunan amare da angwaye a Instagram suna hutun amarci cikin ɗakunan katako da aka kafa a kan ruwa.

Ibn Batuta ya zauna a can wajen 1343, har ya yi alƙalanci a Male, babban birninsu. Ya ba da labarin yadda ake kwaso wuri daga teku a zuba a rami har naman ya ruɓe, a sayar da guda dubu 400 a kan dinare ɗaya. Da ya zo Mali da Gao bayan wasu shekaru, sai ya tarar wuri 1,150 kacal ake bayarwa a dinare. Tarihin Kano ya ce a zamanin Sarki Muhammadu Sharefa ɗan Dadi, wanda ya yi sarauta daga 1703 zuwa 1731, wuri ya fara shigowa ƙasar Hausa. Ya zauna daram, har kalmar da muke kiran dukiya da ita, kuɗi, asalinta jam'in wuri ce. Akwai ɗaci a labarin: Turawan Holan da na Ingila sun riƙa cika jiragen ruwa da wannan wuri suna kawo shi gaɓar Afirka ta Yamma suna sayen bayi da shi. Daga baya, tun daga wajen 1845, 'yan kasuwar Jamus suka gano wani nau'in wuri mai araha a Zanzibar, suka yi ta jibgo shi har darajarsa ta zube, kasuwar da tsibiran nan suka riƙe ɗaruruwan shekaru ta mutu.

Na kawo wannan ne don ƙasar ta sake samun haja guda ɗaya tilo da duniya ke rububi, kuma ina ganin hannunta ne zai karya darajar wannan hajar kafin wani abokin gasa ya karya mata. Abin da Maldif ke sayarwa shi ne keɓewa: farin yashi, ruwa garau, da tsibirin da ba kowa. Bashi kuwa ya sa gwamnatocinta bi da bi suna neman ninka yawan baƙi ta kowace hanya, kuma hanyoyin da suke bi su ne masu cinye wannan keɓewar da yashin da ruwan. Ɗan kasuwa ya san sunan wannan: cin uwar kuɗi.

A fara ba su haƙƙinsu, don sun yi abin a yaba. A shekarun 1960 wata tawagar Majalisar Ɗinkin Duniya ta je ta duba, ta ce yawon buɗe ido ba zai yi a can ba. Ba banki, ba wayar tarho ta kirki, ba ruwan sha sai na sama da na rijiya. Duk da haka a 1972 wasu matasan ƙasar, cikinsu har da Mohamed Umar Maniku da Ahmed Naseem, suka haɗa kai da wani ɗan Italiya mai shirya tafiye-tafiye, George Corbin, suka buɗe masaukin Kurumba da ɗakuna 30 na dutsen murjani da rufin kaba irin na ganyen kwakwa. A 2019 baƙi miliyan 1.7 suka shiga ƙasar. A 2024 sun haura miliyan 2, a ƙasar da 'yan asalinta ba su kai dubu 400 ba a ƙidayar 2022. Wato kowane ɗan ƙasa ɗaya, baƙi biyar ne ke zuwa a kansa a shekara.

Sirrin abin wata dabara ce mai sauƙin faɗi: tsibiri ɗaya, otal ɗaya. Ƙasar na da tsibirai wajen 1,190, mutane na zaune a ƙasa da 200. Sai gwamnati ta riƙa ba da hayar waɗanda ba kowa, mai otal ya ɗauki tsibiri sukutum, ya kafa injin wutarsa, injin tace ruwan gishirinsa, masaukin ma'aikatansa. Baƙo na sauka a filin jirgin Velana za a ɗauke shi a kwalekwale mai gudu ko a ƙaramin jirgin sama mai sauka a kan ruwa, kuma kamfanin Trans Maldivian Airways shi ya fi kowa yawan irin waɗannan jirage a duniya. Ba mai talla da zai bi shi, ba cunkoson mota, ba ɗan sane. Bali da Zanzibar da Morishiyos duk suna da bakin teku mai kyau, amma ba wadda Allah ya rarraba mata ƙasa gutsi-gutsi haka, yadda kowane otal zai zama gari mai ganuwar ruwa. Shi ya sa suke yanka farashin da suka ga dama a biya. Lokacin korona aka ga amfanin wannan ƙarara. Tattalin arzikinsu ya faɗi da kusan kashi ɗaya cikin uku a 2020, faɗuwar da ƙasashe kaɗan suka ga irinta, amma ranar 15 ga Yulin shekarar suka buɗe iyakarsu alhali duniya na kulle, saboda kowane otal dama killataccen wuri ne. Zuwa 2021 baƙi sun koma miliyan 1.3. Ga kuma bizar kwana 30 kyauta da ake bugawa a filin jirgi, wadda ɗan Najeriya da ya saba da wahalar layin ofishin jakadanci ya san darajarta.

Kuɗin kuma ya yi aiki. Ƙasar da a da ake lissafa ta cikin mafi talauci a duniya ta fita daga wannan sahu a 2011, yanzu ita ce kan gaba a Kudancin Asiya in aka raba arzikin ƙasa da yawan jama'a. Kusan kowa ya iya karatu da rubutu. Tun 2012 suna da inshorar lafiya ta kowa da kowa mai suna Aasandha. Duk wanda zai soki wannan sana'a, ya fara tuna cewa kafin ta zo kamun kifi da kwakwa kaɗai mutanen ke da su.

Akwai wani dalili na biyu da ya sa aka raba baƙi da 'yan gari, kuma shi ya fi tsaya mini a rai. Maldif ƙasar Musulmi ce tun 1153, tsarin mulkinta na 2008 ma ya ce sai Musulmi ne zai zama ɗan ƙasa. A tsibiran da mutane ke zaune ba a sayar da giya, ba a cin naman alade. A tsibiran otal kuwa duka biyun suna nan da lasisin gwamnati, galibi ma'aikata baƙi ne ke hidimarsu. A zamanin Shugaba Maumoon Abdul Gayoom, wanda ya yi karatu a Azhar kuma ya taɓa koyarwa a Kano kafin ya koma gida ya mulki ƙasar daga 1978 zuwa 2008, aka ƙarfafa wannan katanga, har aka hana buɗe masaukin baƙi a tsibiran jama'a. Na fahimci abin da ya gudar wa mutanensa. Amma zuciyata ba ta kwanta da tsarin da ke cewa abin da ya haramta a wannan gaɓa ya halatta a waccan muddin dala za ta shigo, sannan da harajinsa za a gina asibiti da makaranta da masallaci. Su kansu 'yan ƙasar abin na ci musu tuwo a ƙwarya: a ƙarshen 2011 zanga-zanga ta sa gwamnati ta ba da umarnin rufe wuraren tausa na otal-otal, cikin 'yan kwanaki ta janye saboda ta ga abin da zai biyo baya. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Katangar da ta tsare tarbiyya ita ce kuma ta tsare dukiya daga isa ga talaka. Mafi yawan ma'aikatan otal-otal ɗin baƙi ne, daga Bangaladash da Indiya da Siri Lanka da Nefal, kuma an sha jin koken waɗanda aka ƙwace wa fasfo ko aka riƙe wa albashi, musamman a wuraren gini. Matan ƙasar da ke aiki a can 'yan ƙalilan ne, don ba kowane uba ne zai bar 'yarsa ta kwana wata da watanni a tsibirin da ba danginta ba. Magidanci ɗan ƙasa da ya samu aikin sai ya bar iyali, ya riƙa ganinsu jefi-jefi. A Male kuwa, tsibirin da mutum zai zagaye shi da ƙafa cikin awa guda da 'yan mintoci, mutane sun cushe fiye da kusan kowane birni a duniya, iyali guda a ɗaki ɗaya ko biyu, haya na cinye albashi. Daga saman benensu suna hango tsibiran da ake biyan dubban daloli a kwana ɗaya.

Dalar ma ba duka take shigowa ba. Baƙo yakan biya kuɗin ɗaki tun daga ƙasarsa, kuɗin ya faɗa asusun kamfani a Singafo ko Dubai. Abin da za a ci da abin da za a sha, man injin wuta, siminti, katako, kusan komai daga waje ake sayo shi. Sai ga ƙasar da ke karɓar masu kuɗin duniya tana fama da ƙarancin dala, farashin gwamnati na rufiya (kuɗin ƙasar) 15.42 a dala yana gefe, na kasuwar bayan fage yana gefe. Dole ta sa aka kafa doka, wadda ta fara aiki a farkon 2025, cewa otal ya canza dala 500 a bankin cikin gida a kan kowane baƙo, ko kashi 20 cikin 100 na abin da ya samu. Masu otal sun yi ta ƙorafi. A ganina wannan doka ta makara da shekara talatin. Ga kuma ɓera a rumbu: binciken babban mai binciken kuɗi na ƙasar a 2016 ya nuna sama da dala miliyan 70 na hayar tsibirai sun salwanta ta hannun kamfanin gwamnati mai tallata yawon buɗe ido, an raba tsibirai da dama ba tare da gasar neman kwangila ba, kuma tsohon mataimakin shugaban ƙasa Ahmed Adeeb, wanda ya taɓa riƙe ma'aikatar, ya sha ɗauri a kan lamarin.

Bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma nasu ya kumbura. An ciwo shi daga Sin an gina gadar Sinamale mai haɗa Male da tsibirin filin jirgi, da aka buɗe a 2018, an gina dogayen benaye a Hulhumale, tsibirin da aka cike teku aka samar kusa da Male, da sabon titin saukar jirgi. An ciwo daga Indiya ana gina wata gadar da ta fi ta farko tsawo. A 2021 aka sayar da sukuk, wato takardun cin bashi na tsarin Musulunci, na dala miliyan 500 da ribar kusan kashi 10 cikin 100, wa'adinsa 2026. Bashin gwamnati ya zarce duk abin da ƙasar ke samarwa a shekara, har a 2024 kamfanonin Fitch da Moody's, masu auna ƙarfin ƙasashe na biyan bashi, suka sauke darajarta zuwa sahun waɗanda ake fargabar za su kasa biya. Wanda ake bin sa dala ba ya da zaɓin cewa baƙi sun isa haka. Don haka aka ƙara harajin kaya da hidima na masu yawon buɗe ido daga kashi 12 zuwa 16 a 2023, zuwa 17 a 2025, aka ninka harajin muhalli daga dala 6 zuwa 12 a kowane dare, aka buɗe sabon ginin filin jirgi mai ɗaukar fasinja sama da miliyan 7 a shekara, ana kuma ci gaba da ba da hayar tsibirai. Otal-otal sun haura 170.

Siyasa ma takan taɓa tukunyar. A Janairun 2024 wasu ƙananan ministoci uku suka zagi Firaminista Narendra Modi a intanet bayan ya tallata tsibiran Lakshadweep na Indiya. Indiyawa suka ƙaurace, ƙasar da ta fi kowa aiko baƙi a 2023 ta koma ta shida. Sinawa da Rashawa suka cike gurbin, Shugaba Mohamed Muizzu, wanda ya ci zaɓe da alkawarin korar sojojin Indiya, ya nufi Delhi a Oktoba neman sulhu da tallafin kuɗi. Wannan targaɗe ne, ya kuma warke.

Karayar tana ƙarƙashin ruwa. Tsibiran Maldif ba dutse ba ne irin na Dala ko Kufena. Murjani ne, halitta mai rai, ya yi ta ginuwa shekaru dubbai har ya ɓullo saman ruwa. Farin yashin nan da ake ɗaukar hoto a kai, garin murjani ne, kuma wani kifi mai baki kamar na aku shi ke gurgurar murjanin ya kasayar da mafi yawansa. Katangar murjanin da ta zagaye tsibiri ita ke karya ƙarfin igiyar ruwa kafin ta iso gaɓa. In ta mutu, yashi ya daina samuwa, igiya ta samu hanya, kifi ya watse, abin da baƙo ya zo kallo ya ƙare. Zafin teku ya riga ya ƙone ta a 1998 da 2016 da 2024, ta yi fari fat kamar ƙashi. Takan farfaɗo in an bar ta ta huta.

Hutun ne ba a ba ta. Tsibiran da ke kusa da filin jirgi sun ƙare, don haka yanzu ƙera su ake yi. A kawo ƙaton jirgin yasar teku ya zuƙo yashi daga ƙasan ruwa ya tula a kan tafkin murjani har ya zama tudu, laka ta bazu ta lulluɓe abin da ke raye a kewaye. Sabon tudun ba bishiya, sai a je tsibiran talakawa a sayi itatuwan kwakwa a tumɓuke su da saiwarsu a ɗora a jirgi a dasa wa baƙi, a bar 'yan gari da ramuka da zaizayar ƙasa. Wannan ya fi komai ɓata mini rai a duk labarin. Ban ƙi cike teku don gina wa mutane muhalli ba. Hulhumale, da aka fara cikewa a 1997 aka kuma ɗaga shi wajen mita 2 sama da ruwa, ya rage wa Male cunkoso, kuma mutum yana da haƙƙin ɗakin kwana. Amma a kashe murjani mai rai don a ƙera tsibirin da za a tallata a matsayin wurin da ɗan Adam bai taɓa ba, wannan yaudarar baƙo ce da cutar jikoki a lokaci guda. Sharar duk wannan daula kuma tana da nata tsibirin, Thilafushi, 'yar tafiya kaɗan daga Male, inda tun 1992 ake jibge ta, kuma an shafe shekaru hayaƙinta na tashi.

Za a ce ai ɗumamar duniya ce babbar matsala, kuma ba su suka jawo ta ba. Gaskiya ne. Kashi 80 cikin 100 na ƙasar bai kai mita ɗaya sama da teku ba, hayaƙin da suke fitarwa bai taka kara ya karya ba. Igiyar tsunami ta Disamban 2004 ta nuna musu abin da ruwa zai iya: mutum sama da 100 suka mutu ko suka ɓace, asarar ta kai wajen kashi 60 cikin 100 na arzikin shekara. A Oktoban 2009 Shugaba Mohamed Nasheed ya yi taron majalisar ministocinsa a ƙarƙashin teku da kayan nutso don duniya ta waiwayo su. Ina tare da su ɗari bisa ɗari wajen neman manyan ƙasashe su biya diyyar ɓarnar da suka yi. Sai dai zafin teku ba ya hannun Male, jirgin yasa kuwa da sa hannun minista yake shigowa. Marar lafiyan da ba ya da iko a kan cutarsa, yana da iko a kan kada a ƙara masa rauni.

Abokan gasa kuma ba barci suke ba. Ɗakin nan na kan ruwa ba a Maldif aka ƙirƙiro shi ba, daga tsibiran Tahiti ya samo asali a shekarun 1960, kuma duk mai kuɗi zai iya kafa shi. Saudiyya ta riga ta buɗe irinsa a tsibiran Bahar Maliya, kusa da Turai, kusa da attajiran Larabawa. Sishel ta zaɓi ƙarancin baƙi da tsada. Zanzibar, wadda wurinta mai araha ya karya na Maldif a ƙarni na 19, yau ma tana sayar da farin yashi a farashi mai sauƙi, ga tsohon gari da tarihi da kayan ƙamshi a kai. Abin da ba mai iya saye da kuɗi shi ne murjani mai rai da halittun da ke cikinsa, irin tururuwar manyan kifaye masu fukafukai da ake gani a Hanifaru, cikin yankin Baa da UNESCO ta sa a jerin wuraren kariya a 2011.

Inda nake ganin haske shi ne gyaran da Nasheed ya yi a 2009, da ya halatta wa 'yan ƙasa buɗe masaukin baƙi a tsibiransu. Na farko ya buɗe a Maafushi a 2010, yanzu sun haura 800 a faɗin ƙasar. A nan kuɗin baƙo yana shiga hannun mai kwalekwale, mai gasa kifi, mai wanki, mai shago. Da ɗan gari akan ci gari. Ba giya a kan tudu, an keɓe wa baƙi gaɓar wankansu daban, ana jin kiran salla sau biyar. Magidanci Musulmi daga Kano ko Kuala Lumpur ko Istanbul zai kai iyalinsa ba tare da ya yi ta kawar da kan yara ba, kuma wannan kasuwa ce babba da ƙasar ba ta ci moriyarta yadda ya kamata ba. Amma Maafushi ɗin ma ya fara nuna alamar cutar: tsibirin da tsawonsa bai wuce kilomita ɗaya da 'yan kai ba ya cika da benaye, ga jiragen ruwa sun yi dako a bakin gaɓa suna sayar da abin da aka hana a tudu.

Da za a ji ta tawa, a dakatar da ba da izinin cike teku don gina sabon otal, a bar shi ga muhallin jama'a kaɗai. Kowane tsibirin da ke karɓar baƙi a yanka masa iyakar gadajen da ruwansa da magudanarsa za su iya ɗauka, majalisar tsibirin ta riƙe wannan iko. Harajin muhallin da aka ninka a riƙa buga inda kowace dala ta tafi, tsibiri bayan tsibiri. A daina auna nasarar ministan yawon buɗe ido da bikin tarbar baƙo na miliyan kaza a filin jirgi, a auna shi da dalar da ta kwana a bankin ƙasar da yawan 'yan ƙasar da suka zama manajoji. Masu bin bashi, Sin da Indiya, su ma suna da abin yi: in suka tsawaita wa'adi suka ɗaura shi da sharaɗin kare murjani, kamar yadda aka yi wa Sishel a yarjejeniyar da ta sa ta keɓe kashi 30 cikin 100 na tekunta, sun tsare kuɗinsu ne, don daga wannan ruwan za a biya su.

Masuntan ƙasar sun riga sun nuna ana iyawa. Har gobe da sanda da ƙugiya suke kama kifin tuna, ɗaya bayan ɗaya, doka ta hana jan babbar koma a ruwansu, kuma saboda haka ne kantunan Turai ke neman kifinsu suna rubuta yadda aka kama shi a jikin gwangwani.